CIZON KARE A KAN HANYA: INA ZA A KAI ƘARA, WA ZAI BIYA?

'Yan uwa fatake, dillalai da 'yan koren shanu, duk mun san yadda kwanan hanya yake. Ana sauka zango cikin dare, a fita neman ruwa ko abinci, sai karen wani gida ko na wata ruga ya kama ƙafar mutum. Yawancinmu sai a ɗaure wurin da tsumma, a ce ƙaddara ce, a bi mota. To ƙaddara ce, amma akwai haƙƙi a ciki, kuma gaggawarmu ce ke zubar da shi.

Kafin maganar kuɗi, rai tukuna. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Allurarsa ba ɗaya ba ce, ana yin ta kashi-kashi cikin mako 1 zuwa 4, don haka a riƙe katin a ƙarasa ta a garin gaba. Kada kuma a bari matasa su kashe karen cikin fushi. A sa malamin dabbobi ya tsare shi ya duba shi kwana 10, a tsarin Faransa har 15. Karen nan shi ne babbar shaidarka. In an kashe shi an yar, ba wuya mai shi ya ce bai taɓa ganinsa ba.

A Nijar da Chadi da ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci, dokar da aka gada daga Faransa tana da sashe na 1385. Abin da yake nufi shi ne mai dabba, ko wanda take hannunsa yana amfani da ita, shi ke ɗaukar ɓarnar da ta yi, ko tana tsare, ko ta ɓata, ko ta tsinke ta gudu. Wato ba sai ka nuna ya yi sakaci ba. Ka nuna karensa ne, cizonsa ne, ga asarar da ka yi. Mafitarsa kaɗan ce, babbarta ita ce laifinka kai kanka, kamar ka tsokani karen ko ka faɗa gidan mutane da dare ba sallama. A Najeriya da Ghana kuwa, tushen dokar Ingila ne, inda aka fi tambayar ko mai karen ya san halinsa na cizo, ko kuwa ya yi sakaci da shi. A can, maƙwabcin da zai ce "ai ya ciji wani bara" ya fi maka komai amfani.

Mu lura, wuƙar nan baki biyu gare ta. Sashen nan bai ce kare kaɗai ba, dabba ya ce. Ran da bijiminmu ya ƙwace a kara ya soki wani, da shi za a kama mu.

Inda muke faɗuwa shi ne takarda. A karɓi takardar likita mai nuna girman ciwon da yawan kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba. A ajiye rasit na kowace allura da magani da kuɗin mota. A kai rahoto wajen jandarma ko 'yan sanda tun kafin a bar garin, da sunan mai karen da unguwarsa da shaidu 2, waɗanda suke zaune a garin, domin abokan tafiya gobe sun watse. Idan ciwon ya sa ka rasa ranar kasuwa, ko ka biya wani ya kora maka shanu, sarkin tike ko fatomanka su shaida. Alƙali ba ya biyan "na yi asara mai yawa", lissafi yake so.

Ƙara a ƙasar da abin ya faru ake kai ta, da dokar can. A ganinmu, in cizon ƙarami ne, sulhu ya fi, don wanda ke da shanu a tirela ba ya da watannin zaman kotu. A Nijar doka ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu su rubuta shi. To a rubuta, jika nawa, yaushe za a biya, kowa ya sa hannu, kuma kada a yafe komai sai an gama allura an ga yadda ciwon ya warke. Idan kuwa an samu naƙasa, ko an rasa rai, ko mai karen ya yi taurin kai, a nemi lauya, a yi tsadar aikinsa tun farko, a rubuce. Wanda ba shi da hali, Nijar ta kafa hukumar ANAJJ a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a shari'a.

Karen da ba shi da mai shi kuwa, babu wanda za a kama. Nan sai dai abokan tafiya su haɗa kuɗin allura, don kada tsadarta ta sa ɗan kora ya tsaya a ta farko.