Yadda Ƙwayar Halitta Ke Ɗinke Tantaninta

Kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam lulluɓe take da wani tantani na maiƙo, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba. Shi ne ganuwarta. In ya huje aka bar shi, abin ciki ya tsiyaye, na waje ya kwararo, sai ƙwayar ta mutu. Irin wannan hujewa kuwa ruwan dare ce, musamman a tsoka, wadda kullum take cikin miƙewa da tsukewa.

To, ta yaya ƙwayar ke sanin ta yi rauni? Sinadarin kalsiyam ne ke sanar da ita. Yawansa a waje ya ninka na ciki fiye da sau 10,000, saboda haka da zarar kafa ta samu sai ya kutsa. Shigarsa ita ce kururuwar da ke tayar da masu gyara. Nan da nan sai waɗansu 'yan jakunkuna da ke cikin ƙwayar su garzayo bakin raunin, su narke cikin tantanin, watau su yi masa faci. In kafar ƙarama ce, sai a tsuke wurin a yanke shi a yar. Duk wannan kan kammalu cikin 'yan daƙiƙoƙi.

A 2003 aka nuna cewa tsokar ɓerayen da ba su da furotin ɗin da ake kira disfalin ba ta iya wannan ɗinki sosai. Rashinsa a jikin mutum shi ke haddasa wani nau'in ciwon shanyewar tsoka da ake gada.