Ɗaukar kare a bayan a-kori-kura lokacin bazara: tamfol kaɗai ba inuwa ba ce

A ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Babban Duhu da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu, ba don ƙawa ake ajiye kare ba. Shi ke gadin garke da rumbu, shi ke fara haushi idan baƙon motsi ya doso gari da dare, mafarauci kuma yana ji da shi kamar yadda manomi ke ji da shanun huɗa. Amma sau da yawa ba ciwo ke kashe kare mai kyau ba, tafiyar awa ɗaya ko biyu ce a bayan mota. Za a kai shi allurar rigakafin haukan kare a Katsina ko Dutsin-Ma, ko iyali sun tashi za su sauya gari, ko mafarauta sun haɗa kuɗin mota. Direba ba zai yarda kare ya shiga gaba ba, fasinja ma ba ya so ya goge shi. Sai a jefa shi baya, a ja tamfol a ɗaure ta ko'ina, a ce an yi masa inuwa.

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne kare ba ya gumi kamar mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, kuma bai taka kara ya karya ba. Da haki yake fitar da zafi: ya zaro harshe, iska ta bi ta kan danshin baki da maƙogwaro ta tafi da zafin. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 41, an shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa. To ku duba, a watannin Maris zuwa Mayu iskar waje kanta a Katsina tana kai digiri 40 har ta wuce. Tazarar da ta rage wa kare kaɗan ce tun kafin a rufe shi.

Tamfol yana tare hasken rana, gaskiya ne, amma yana tare iska, shi kansa kuma yana ɗaukar zafi ya sako shi ciki, balle baƙi ko mai duhun launi. Ƙarfen bodin mota na gasa shi ta ƙasa. Numfashin karen yana cika wurin da danshi, idan iska ta jiƙe kuwa haki ba ya sanyaya komai. Shi ya sa ranar da hadari ya haɗu a farkon damina, ga zafi ga gumi, ta fi tsakiyar bazara illa a wasu lokutan. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 kan motocin da aka ajiye a rana ya gano cewa cikin awa ɗaya zafin ciki yana ƙaruwa da kusan digiri 22, mafi yawan ƙarin kuma a rabin awar farko ne, sannan ɗan sassauta gilashi bai canza wani abin kirki ba. A rufaffiyar mota aka yi gwajin, amma darasin ya shafe mu: 'yar ƙaramar kafa ba ta isa ba, kuma tsayuwa ta fi tafiya haɗari. A hanyoyinmu kuwa tsayuwa ba ta ƙarewa, ga shingen bincike, ga lodin kaya a kasuwa, ga faci, ga direba ya sauka cin abinci. Duk inda mota za ta tsaya fiye da 'yan mintuna, a nemi gindin bishiya, a ɗage tamfol, in da hali a sauke karen.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaure bakin kare da igiya ko tsumma don kada ya ciji wani, wasu ma har cusa shi suke yi cikin buhu. Wanda ya ɗaure bakin kare a bazara ya toshe masa hanya ɗaya tilo da yake sanyaya jiki. Idan karen mafaɗaci ne, a sa shi a keji na katako ko na waya mai faɗin da zai iya tsayawa ya juya, ko a samu takunkumi mai kamar kwando wanda zai bar shi ya buɗe baki. In babu ko ɗaya, gajeriyar igiya a tsakiyar bodi, kusa da kan mota, ta wadatar, mutane su matsa. A kula igiyar kada ta kai gefe, don kare na iya tsallakewa ya rataye.

Rufin kuma sama kaɗai ake so. A ɗage gefe biyu yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. A ganina zana ko tabarmar kaba ta fi tamfol nesa ba kusa ba, tunda tana inuwa kuma tana numfashi. Kada a rufe gaba da gefuna a bar baya kaɗai a buɗe, domin mota na tafiya tana zuƙo hayaƙin salansa ta baya ya taru a ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari balle a ankara. A ƙasa a shimfiɗa katako ko ciyawa mai kauri, a ɗora buhun algarara da aka yayyafa wa ruwa. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen, in ba za ka iya jurewa ba, shi ma tafinsa ƙonewa zai yi. Jarkar fetur da maganin feshi da takin zamani kuma a raba su da inda dabba take.

Shawarar da aka saba ji ita ce a yi tafiya da dare. A wannan yanki kowa ya san halin tsaro bai bar mu da wannan zaɓin ba. Abin yi shi ne a tashi da zarar gari ya waye hanya ta fara ɗaukar mutane, a isa kafin rana ta take, dawowa kuma a bari sai bayan la'asar. Kada a cika masa ciki kafin tashi, kada kuma a loda shi yana dawowa daga gudu. A tafi da jarkar ruwa da kwanonsa na kansa, a ba shi kaɗan-kaɗan duk tsayuwa. Ƙwikwiyo da tsohon kare da karya mai ciki da karnukan ƙasar waje masu yawan gashi ko gajeren hanci sun fi saurin galabaita, amma kada a ce na gida ya saba da rana. A gida yana da gindin rumbu da zai gudu ya kwanta, a mota babu.

Idan kuka ga haki ya tsananta, harshe ya zaro sosai, dasashi ya yi ja jawur, yawu ya yi kauri yana dalala, a tsaya nan take. In ya kai ga tangaɗi, amai, zawo ko faɗuwa, rai ake ceto. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi irin na randa ko rijiya a wuya da ƙirji da ciki da cinyoyi har ya ratsa gashi, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, riƙe zafin zai yi. In yana iya sha da kansa a ba shi, in ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa, zai shaƙe. A fara sanyaya shi kafin a kama hanyar likita, a dakata da zuba ruwa idan numfashi ya daidaita. Kada a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, ba sa sauke irin wannan zafin, kuma suna iya lalata masa hanta da ƙoda. Ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya, a nuna shi ga ma'aikacin lafiyar dabbobi, domin illar ƙoda takan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ƙungiyoyin manoma da ke hayar mota ɗaya za su iya haɗa keji biyu da zana a ajiye na kowa da kowa, ko su tara karnukan gari su gayyato mai allura ya zo har gida, wanda ya fi arha a kan jigilar karnuka goma cikin rana. Tsarin rufin nan da shimfiɗar ƙasa shi za a bi idan awaki ko tumaki ko kaji aka ɗauko zuwa kasuwa.