Daga Landan Zuwa Tokyo: Ina Gajeriyar Hanya Take?

Duk ɗalibin da aka ba taswirar duniya da rula, aka ce ya nuna gajeriyar hanya daga birnin Landan na Turai zuwa Tokyo ta Asiya, miƙaƙƙen layi zai ja ya ratsa gabas. Wannan layi yakan kai kimanin kilomita 11,300. Amma gajeriyar hanyar ta haƙiƙa kimanin kilomita 9,600 ce, kuma arewa take fara dosa. Takan bi ta saman ƙasashen Sikandinabiya, ta shiga yankin ƙanƙara na arewacin Rasha, sannan ta gangaro ta Saberiya zuwa Japan. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta kusa ninka nisan Kano zuwa Legas ta sama sau biyu.

Laifin na taswira ne. Duniya mulmulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Irin taswirar da Gerardus Mercator ya zana a shekarar 1569, wadda aka saba gani a bangon aji, takan buɗa ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa fiye da kima, har hanyar da ta bi ta can ta zama kamar zagaye. Malami na iya warware wannan da lemo da zare: a ɗiga alama biyu a jikin lemon, a ja zaren ya yi tsam a tsakaninsu. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. Masana na kiranta babbar da'ira, domin in aka zarce da ita sai ta raba ƙwallon gida biyu daidai.

Lissafin ma ba wuya. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an kasa shi digiri 360, wato kowane digiri kimanin kilomita 111. Tsakanin biranen nan biyu akwai kimanin digiri 86. Ɗalibi ya ninka ya gani.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun bin zaren ba. A zamanin Yaƙin Cacar Baka, sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta taƙaita ratsa samaniyarta, jirage da yawa sukan yada zango a Anchorage ta jihar Alaska su sha mai. Tarihi ya maimaita kansa a shekarar 2022: bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Rasha ta rufe samaniyarta ga jiragen Birtaniya, kamfanonin Japan su ma suka ƙaurace mata. Jirage suka koma zagayawa, wasu ta Alaska da Girinlan, wasu ta Turkiyya da tsakiyar Asiya. Tafiyar da ake yi cikin awa 12 ta koma wajen awa 14, ga ƙarin mai, wanda a ƙarshe aljihun fasinja ne ke biyansa.