Lamba Kafin Suna: Yadda Rumbun Bayanai ke Aiki

Rumbun bayanai, a ma'anar da masana ilimin kwamfuta suka ba shi, tarin bayanai ne da aka tsara bisa ƙa'ida ɗaya, ta yadda za a iya nemo kowane ɓangare nasa, a gyara shi ko a ƙara masa, ba tare da an dagula sauran ba. Tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma mazauna Tudun Wadar Zariya sun daɗe da saninsa ta hanyar ɗakin kati, domin a unguwarsu ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna shekara da shekaru kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005. A manyan asibitoci irin wannan, mara lafiya yana tafiya gida da ƙaramin kati mai ɗauke da lamba, babban fayil ɗinsa kuwa yana zama a kan kanta tare da dubban 'yan'uwansa, an jera su bisa lamba ba bisa suna ba, shi ya sa ma'aikacin ɗakin kati ba ya fara tambayar mutum sunansa, katin yake cewa a miƙo.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau ya samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa a 1970. Shawararsa ita ce a zuba bayanai cikin jadawali, inda kowane layi na kwance yake wakiltar abu guda, kamar mutum ɗaya ko magani ɗaya, kowane layi na tsaye kuma yake ɗauke da sifa guda, kamar suna, shekaru ko unguwa. Hikimar tana cikin raba jadawalin ne: a yi ɗaya na marasa lafiya, ɗaya na likitoci, na uku kuma na zuwa asibiti, wanda ba ya ɗauke da komai sai lambar mara lafiya, lambar likitan da ya duba shi, kwanan wata da abin da aka rubuta masa. Idan matar da ta zo awo sau tara ta tashi daga unguwar Gyallesu ta koma ta Tudun Jukun, a wuri ɗaya tak za a sauya adireshinta, duk zuwanta tara kuma su bi sabon adireshin, saɓanin rajistar takarda inda sai an bi shafi-shafi, kuma da wuya a gama ba a tsallake wani ba.

Abin da yake ɗaure waɗannan jadawalai da juna shi ake kira mabuɗi, wato wata lamba da ba a yarda layi biyu su yi tarayya a kanta ba, kuma a nan ne batun ya fi shafar ƙasar Hausa. Sunayen Hausawa ba su da yawa idan aka kwatanta da yawan masu su. A layi ɗaya na Tudun Wada ana iya samun Muhammadu Sani uku da A'isha Abubakar huɗu, ga shi kuma mutum ɗaya yana iya zama Sani a makaranta, Ɗanjuma a gida, Muhammad a banki, Mohammed a takardar jarrabawa. Maƙwabci ba ya ruɗewa, domin ya san wannan Sanin na gidan Alhaji ne, wancan kuma tela ne, amma na'ura ba ta san gidan kowa ba, haruffa kawai take gwadawa, harafi ɗaya kuwa ya isa ya raba mutum da kansa. Saboda haka ne Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, hukumar katin ɗan ƙasa kuma, wadda dokar 2007 ta kafa, take bayar da lambar NIN. Kowacce alƙaluma 11 ce, kowacce an ɗaure ta da hoton yatsun mai ita, domin yatsu ba sa canja rubutu. Tun daga Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta sa ta zama sharaɗin rajista, wanda hakan ya sa ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, a harabarta ta Kongo ko ta Samaru, sai ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai a rumbuna biyu ko uku kafin ya fara maganar karatu. Da yawan masu zaryar gyaran suna a shagunan intanet ba wata matsalar na'ura ce ta kai su ba, hannun wanda ya buga bayanan cikin gaggawa ne tun ranar farko, ko kuma ranar haihuwar da aka ƙiyasta aka manta.

Bayanan daban ne, manhajar da ke kula da su kuma daban, ita ce ake kira tsarin sarrafa rumbun bayanai. Matsayinta kamar na ma'ajin da ke riƙe da makullin rumbun hatsi ne: babu mai zura hannu da kansa, kowa sai ya faɗi abin da yake so, shi ya auno, ya rubuta abin da ya fita. Harshen da ake yi mata magana da shi sunansa SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara a IBM a shekarun 1970, kuma da jimla ɗaya a cikinsa ana iya neman sunayen duk yaran da ba su kai shekara biyar ba da aka kawo daga wata unguwa da zazzaɓi a watan Agusta, aikin da zai ci ma'aikacin ɗakin kati makonni. Daga cikin sanannun manhajojin akwai Oracle, wadda ta shiga kasuwa a 1979, da MySQL da PostgreSQL waɗanda ake samu kyauta.

Wani aikin manhajar, wanda ba a ganinsa sai ya lalace, shi ne tabbatar da cewa ma'amala ta kammala gaba ɗayanta ko kuma kada komai nata ya auku. Tura kuɗi matakai biyu ne, ragewa daga asusun mai turawa da ƙarawa a na mai karɓa, manhajar kuma tana rubuta kowane mataki a wani kundi na musamman, ta yadda idan wuta ta ɗauke a tsakani za ta mayar da komai yadda yake. Wannan yana da sauƙi idan asusun biyu a banki ɗaya suke. Abin da mai POS a bakin kasuwar Tudun Wada yake nufi idan ya ce an cire amma ba su shigo ba, galibi ma'amala ce da ta ratsa rumbunan bankuna biyu ta hannun wata cibiya da ke tsakaninsu, saƙon tabbatarwa ya maƙale a hanya, sai an daidaita lissafin ɓangarorin kafin kuɗin su dawo. Ita ce dai manhajar da ke hana mutum biyu cire kuɗi ɗaya a lokaci guda, ta hanyar tsayar da na biyu har na farko ya gama.

Rumbu ba ya tsarkake kansa. Bayan rajistar masu zaɓe da aka rufe a 2022, hukumar zaɓe ta INEC ta soke sunaye fiye da miliyan 2.7 da na'urar gwada yatsu da fuska ta gano ba su inganta ba, ciki har da maimaici, kafin ta shiga zaɓen 2023 da rajista mai mutum fiye da miliyan 93. Haka kuma rumbun da ba a ajiye kwafinsa a wani wuri na daban ba, gobara ko lalacewar na'ura ɗaya ta isa ta shafe shi, wanda kuma kowane ma'aikaci yake iya buɗe kowane sashe nasa ya fi fayil ɗin takarda haɗari, tunda bayanan mutum dubu suna iya fita a cikin ƙaramin filashi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa hukuma ta musamman a kan wannan, ta kuma bai wa kowane mutum haƙƙin neman ganin abin da banki, makaranta ko asibiti suka adana a kansa, da haƙƙin neman a gyara shi idan akwai kuskure.