Ruwan lagireto na raguwa babu ɗiga: Yadda za ka gane ko gasket ne ya ƙone

Masu mota da dama sun mayar da ƙara ruwa a lagireto tamkar wani ɓangare na shirin fita aiki ko kasuwa. Kowace safiya sai an ɗura gora guda, alhali ko ɗigo ba a gani a ƙarƙashin motar. Hanyar ruwan sanyaya inji rufaffiya ce, saboda haka ruwan da ya ragu wani wuri ya tafi. Idan bai zuba a waje ba, mai yiwuwa cikin injin yake shiga, kuma daga nan ne ƙaramin gyara ke rikiɗewa zuwa sayen wani injin.

Mene ne aikin gasket?

Gasket wani siririn faranti ne da ake shimfiɗawa tsakanin gangar inji da kansa, wato ɓangaren da kanikawa ke kira tof silinda. Aikinsa raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: ruwa, baƙin mai, da wutar da ke ci a cikin silinda. Zafin da ya wuce kima shi ne babban abin da ke lalata shi, domin kan injin yawancin motocin zamani na alminiyom ne, kuma yakan lanƙwashe idan ya sha zafi. Mutuwar fanka, lalacewar famfon ruwa da toshewar lagireto duk suna jawo haka. Zuba ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya inji na musamman yana haifar da tsatsa da ke toshe hanyoyin ruwan a hankali.

Alamomin da za ka duba da kanka

Na farko, farin hayaƙi mai kauri da ke ci gaba da fita daga salansa bayan inji ya ɗau zafi. Wannan ya bambanta da tururin da ake gani da sanyin safiya a lokacin hunturu, wanda ke gushewa cikin 'yan mintuna.

Na biyu, baƙin mai ya koma launin shayi mai madara a jikin sandar da ake auna shi. Sai dai ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai kaɗai ba hujja ba ce. Motar ma'aikacin da ba ta wuce gida zuwa ofis takan tara irin wannan danshi, domin injin ba ya daɗewa yana aiki har ya busar da shi.

Na uku, kumfa da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto yayin da inji ke aiki, ko kuma tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayar da mota. Iskar ƙonewar mai ce ke kutsawa cikin ruwan.

Na huɗu, inji ya riƙa karkarwa idan an tayar da shi da safe, sannan ya daidaita. Idan aka kwance filogi aka tarar ɗaya ya yi fes fiye da sauran, tururin ruwa ne ya wanke shi.

A kula: kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce. Murfin yana riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa har ya haura digiri 100, kuma da zarar an buɗe shi da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Gwaji kafin a kwance inji

Duk waɗannan alamu ne kawai, gwaji ne ke tabbatarwa. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska daidai adadin da ke rubuce a murfin, galibi 0.9 ko 1.1. Idan allurar ta sauka bayan kamar minti 15 kuma babu jiƙa a waje, yoyon na ciki ne. Da shi ake gwada murfin kansa, wanda sau da yawa shi ne mai laifin, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake sanyawa a bututu a bakin lagireto. Idan hayaƙin inji na shiga ruwan, yakan koma rawaya a motar fetur. Na uku shi ne auna ƙarfin matsin kowace silinda: idan biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, gasket ɗin ya fashe a tsakaninsu.

Ba kowane yoyon ciki ne laifin gasket ba. Na'urar sanyaya baƙin mai takan huje ta gauraya mai da ruwa. A motoci masu giyar otomatik, bututun man giya da ke ratsa lagireto yakan fashe. Jiƙewar kafet a gefen mai zaman gaba kuwa tana nuna ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo.

Idan ta tabbata gasket ne

Kada ka yarda a canza shi kawai a rufe. Ka nemi a auna kan injin a ga ko ya lanƙwashe, domin a injina da dama abin da aka lamunta bai wuce milimita 0.05 ba, kuma a duba ko ya tsage. A ɗaure kusoshin bisa jeri da ma'aunin da kamfani ya ƙayyade, a canza baƙin mai da matatarsa. Sannan a gano abin da ya jawo zafin tun farko. Cire tamostat da wasu kanikawa ke yi ba magani ba ne, ɓoye ciwo ne.

Jinkiri kuwa yana da tsada. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan ya taru a silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin a tayarwa guda. Duk ranar da allurar zafi ta doshi ja, ka tsaya a gefen hanya ka kashe inji. Kuɗin jan mota zuwa gareji bai kai na sabon inji ba.