Yadda ake sassaƙa silindar ƙaramin inji

Yara, kun san moto, kun san injin niƙa, kun kuma san injin ban ruwa na masu garka. A cikin kowannensu akwai wani rami mai santsi da ake kira silinda. Cikin ramin nan ne pisto yake hawa yana sauka, kamar yadda sandar famfon keke take yi. In mai ya kama wuta a cikin silinda, sai zafin ya tura pisto da ƙarfi. Daga nan ne inji yake samun ƙarfinsa.

Dole ne pisto ya dace da raminsa. In ramin ya yi yawa, iska za ta zurare ta gefe, inji ya yi ta hayaƙi, ya rasa ƙarfi. In ramin ya yi kaɗan, pisto zai kumbura da zafi ya cije, inji ya tsaya cik. A wani ƙaramin moto, faɗin ramin yakan kasance kamar milimetir 39. Ratar da ake bari tsakanin pisto da bangon silinda kuwa ba ta kai kaurin silin gashi ɗaya ba.

Hannu kaɗai ba ya iya wannan aiki. Sai da injin sassaƙar ƙarfe, wanda makanikai suke kira tur. Masassaƙin turmi yana ajiye icce wuri ɗaya, yana sara da gizago. A kan tur kuwa, ƙarfen ne yake juyawa, haƙorin yanka yana matsowa sannu a hankali yana fere shi. Shi ya sa ramin yake fitowa a kewaye sosai.

Da farko mai tur yana ɗaukar guntun baƙin ƙarfe na zubi, ya ɗaure shi tam a muƙamuƙin inji. Sai ya juya shi da hannu, ya duba ko yana layi. In yana layi, ya gyara ɗauri har ya zauna a tsakiya. Sa'an nan ya kunna inji, ya share fuskar ƙarfen ta yi sumul.

Bayan haka sai huda. Yana farawa da ƙaramin mahudi, ya bi da babba. Amma ramin mahudi ba ya miƙewa sarai. Saboda haka sai ya zura wata sanda mai haƙori a bakinta, ta riƙa kankare bangon ramin daga ciki. Ku lura da kyau a nan. In haƙori ya ci rabin milimetir, faɗin rami ya ƙaru da milimetir ɗaya cur, domin ya ci ta gefe biyu ke nan.

Da ya kusa kai awon da ake so, sai ya rage ci. Ya kankare kaɗan, ya tsai da inji, ya auna. Ba ya auna ƙarfe da zafinsa, domin zafi yana buɗa ƙarfe; sai ya huce. Abin da haƙori ya cire ba ya komawa. In rami ya zarce awo, aikin yini ya lalace. Sannu ba ta hana zuwa.

Aiki na ƙarshe shi ne guga da dutsen wasawa mai laushi da mai. Dutsen yana barin ƴan ƙananan zane masu gilma juna a bangon silinda. Zanen nan ne suke riƙe man inji, don kada pisto da zobbansa su goga a bushe. Daga nan sai a wanke silinda tas, kada ko ƙwayar rairayi ta saura.

Rairayi shi ne babban abokin gabar silinda. In ƙurar hunturu ta shiga inji, sai ta ci bangon ramin. Ba a yar da irin wannan silinda. Ana buɗa ramin da milimetir 0,25 ko 0,50, a sa masa sabon pisto mai ɗan girma.

A da, samun rami madaidaici babbar wahala ce. James Watt, wanda ya kyautata injin tururi, ya daɗe yana fama da silindar da ke yoyo. Sai a shekarar 1775 wani maƙerin Ingila, John Wilkinson, ya fara huda masa silinda da sabon injinsa na huda. Daga lokacin ne injin Watt ya yi aiki yadda ya kamata.

In kun shiga wurin mai tur, ku tsaya nesa. Shi kansa ba ya sa babbar riga, yana kare idonsa da tabarau, ba ya kuma kwashe ɓarɓashin ƙarfe da hannu.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin aikin masassaƙin turmi da aikin mai tur?
2. Don me ba a auna ƙarfe da zafinsa?
3. Faɗin rami milimetir 38 ne, ana son ya kai 39. Milimetir nawa haƙori zai ci?