Tabki cikin kwalba

Dunƙulen laka, ruwan tabki da ƴan ganyaye sun isa a rufe wata ƙaramar duniya cikin kwalba, ta yi watanni tana raye ba tare da an ƙara mata komai ba. Kwarin Komadugu, daga Difa zuwa Tumur, yana da kayan aikin duka a ƙofar gida. Sai dai akwai sharuɗɗan da ya wajaba a kiyaye.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta ƙara yaɗuwa lokacin kullen annobar korona a 2020. Mutum zai je bakin tabki da kwalba mai faɗin baki, ya ɗebo laka da ruwa da ɗan tsiron ruwa, ya toshe, ya ajiye kusa da taga. Kwana biyu zuwa uku ruwan yana nan dagule. Daga nan laka ta kwanta, ruwa ya washe, sai a fara ganin ƙananan halittu kamar ƙwayar gero suna tsalle, tsutsotsi sirara suna leƙowa daga laka, katantanwa tana bin gilashi tana lasar gansakuka. Ba a ba su abinci, ba a sauya musu ruwa, amma suna hayayyafa.

Yadda abin yake tafiya

Sirrin yana ga haske. Da rana gansakuka da tsiron ruwa suna amfani da hasken rana su haɗa abincinsu, su saki iskar oksijin. Ƙananan dabbobin suna shaƙar wannan iska, suna cin gansakukar, suna fitar da iskar kabon da kashi. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka suna ruɓar da kashin da gawar duk abin da ya mutu, su mai da shi taki, tsiro ya sake sha. Ruwan da ya tashi tururi yana taruwa a jikin murfi, ya ɗigo ya koma. Abin da kawai ke shiga daga waje shi ne haske da ɗumi.

Masana sun daɗe da gane haka. A 1850 wani masanin haɗa magunguna na birnin Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa suna iya rayar da juna cikin tulun gilashi. Da matattun ganyaye suka fara ɓata masa ruwa, sai ya saka katantanwa, ruwan ya gyaru. A ƙarshen shekarun 1960 Clair Folsome na jami'ar Hawai ya rufe ruwan teku da yashinsa cikin kwalabe, aka tarar ƙwayoyin halittar da ke ciki suna raye bayan shekaru masu yawa. Wani Baturen Ingila kuma, David Latimer, ya shuka tsiro cikin wata ƙatuwar kwalba a 1960, ya ba shi ruwa na ƙarshe a 1972, ya toshe. Da jaridu suka ɗauki hotonsa a 2013 kwalbar cike take da ɗanyen ganye.

Gwaji mafi girma shi ne wanda aka yi a jihar Arizona ta Amurka, inda mutum 8 suka zauna cikin wani katafaren gidan gilashi a rufe daga 1991 zuwa 1993. Ƙasar da aka zuba musu ta cika taki, bakteriya suka yi yawa suka shanye iska. Oksijin ya sauko daga kashi 21 cikin 100 zuwa wajen kashi 14, har sai da aka busa musu wani daga waje. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan kuskure na yawan taki shi ne ya fi kashe kwalbar gida.

Lakar Komadugu ba matacciya ba ce

Kogin Komadugu Yobe yana samun ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are na Najeriya, ya bi iyakar ƙasashen biyu ta gefen Difa, ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Ba ya gudu shekara duka. Ruwan kan iso da damina, ya cika wajen ƙarshen shekara, ya malala cikin fadamu da tabkuna, sannan ya janye da rani ya bar laka tana tsattsagewa. Tabkunan da makiyayan Tumur ke shayar da dabbobi a cikinsu su ma haka suke cika su ƙafe.

Halittun wannan yanki sun saba da wannan zuwa da komawa. Kowane masunci ya san gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni tana jiran damina. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙananan halittun ruwa ma suna da irin wannan dabara. Kafin tabki ya bushe suna zuba ƙwai masu tauri da ke jure zafi da fari shekara da shekaru. Saboda haka busasshiyar lakar da aka ɓantaro daga tsakiyar tabki a watan Afrilu, idan aka jiƙa ta da ruwan sama ko na rijiya, cikin ƴan kwanaki sai a ga rai ya motsa a cikinta. Wanda ke Difa ko Tumur ba ya bukatar sayen komai, in ban da kwalbar.

Yadda ake haɗawa

Ana son kwalbar gilashi mai haske, mai cin lita 2 zuwa 5, a wanke ta sarai kada a bar sabulu. A zuba laka kaurin yatsa biyu, a ɗora ɗan yashi a kai. A zuba ruwa a hankali har kashi uku cikin huɗu, a bar sauran wurin don iska. Ruwan famfo da aka sa wa magani yana kashe ƙananan halittu, sai an bar shi ya kwana biyu a buɗe. Tsiron da ke zaune ƙarƙashin ruwa ya fi dacewa. Kainuwa ƙarama guda ɗaya ta isa, bado kuwa ya fi ƙarfin kwalba. Kada a saka kifi ko talibambam, domin iskar ba za ta ishe su ba, mutuwa za su yi su ruɓar da ruwan.

Mako biyun farko a ɗaure bakin da ƙyalle mai tsabta maimakon murfi, har ruwan ya daidaita, sannan a toshe. Babban abokin gaba a nan shi ne zafi. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kwalbar da rana ta buga kai tsaye dahuwa za ta yi cikin yini guda. Wurin da ya dace shi ne inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin rumfa ko gefen tagar biro da ke fuskantar arewa. Idan ruwan ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, aikin ya ɓaci, a zubar a sake da laka kaɗan.

Hattara da ruwan tabki

Littattafan Turawa ba su cika faɗar wannan ba, domin tabkunansu ba su da cututtukan da na Sahel ke da su. Tsargiya, wato fitsarin jini, tana fitowa ne daga wata irin katantanwar ruwa. Tsutsar cutar tana barin jikin katantanwa ta huda fatar mutum, ko da bai sha ruwan ba. Katantanwar kuma tana iya ɓuya cikin busasshiyar laka ta farfaɗo. Don haka a ɗebi ruwa da guga ko ludayi mai dogon hannu, kada a shiga, kada a tsoma hannu, kada a bar yara su buɗe kwalba. Waɗancan ƴan halittu masu tsalle, wasunsu ne ke ɗauke da kurkunu. Hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu, amma an ci gaba da samun cutar a Cadi bayan haka. Tsutsar sauro ma tana biyo ruwan, shi ya sa ƙyalle ko murfi ya zama dole tun ranar farko. Ranar da za a zubar, a zuba a kan busasshen yashi cikin rana, nesa da rijiya.

Abin da ido ke samu

Masu wannan sha'awa suna cewa kallon kwalbar yana kwantar musu da hankali, kuma bincike bai ƙaryata su ba. A 2015 masana daga jami'o'in Plymouth da Exeter na Ingila sun auna mutanen da ke kallon babban tankin kifi, suka ga bugun zuciyarsu da hawan jininsu sun ɗan sauka. Wannan ba magani ba ne, mai hawan jini kada ya bar zuwa likita. Amma ɗan kasuwan da ya yini yana lissafin buhunan tattasai, ko ma'aikacin da takardu suka rufe wa tebur, zai iya samun minti biyar na hutun ido ba tare da ya kashe ko dala ba.

A jihar Difa maganar ta wuce nishaɗi. Bayan harin da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairun 2015 an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana su da cinikin tattasai na wasu shekaru, garuruwa da yawa na bakin kogi suka watse. Tumur ta karɓi dubban ƴan gudun hijira, ita ma kuma aka kai mata hari a daren 12 ga Disamban 2020, inda aƙalla mutum 27 suka rasu, kasuwa ta ƙone. Yara da dama daga zuriyar masunta da manoman fadama sun tashi nesa da ruwan da iyayensu suka sani ciki da bai. Malamin lakkol da ba shi da ɗakin gwaji yana iya nuna musu rayuwar tabki da kwalba guda a kan tebur, domin gani ya kori ji.

Darasin kwalbar kuma ya shafi manya. Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25.000 a 1963, ya koma ƙasa da 2.000 a tsakiyar shekarun 1980, kafin wani sashe na ruwan ya dawo. Madatsun ruwa na Tiga a 1974 da Calawa a 1992, duka a jihar Kano, sun sauya yadda ruwa ke isowa Komadugu, ga kuma ambaliya irin ta 2019 da 2022. Tabkin da kogi ya janye ya bari da rani, shi ma rufaffen wuri ne kamar kwalba. Takin zamani da maganin ƙwari da suka kwararo daga gona, da sharar da aka zuba a gefensa, suna nan ciki har damina ta gaba, kuma daga nan garke ke sha. Wanda ya taɓa ganin yadda ɗan ƙarin taki ke baƙanta kwalba cikin kwana uku zai yi tunani kafin ya wanke tulun feshi a bakin tabki.

Allah ya zaunar da Manga lafiya, ya mai da kowa bakin ruwansa.